Ranar da Na Ba Dodo Baya

Shekarun baya na taɓa riƙe ƙwayar lido na kasa jefa ta, ni da nake cinikin riɗi mota guda ko gezau. Abu uku ne a gabana: jifa ɗaya, labarin wasan da muka yi wata bakwai muna bi, da abokina.

Ƙanena, malamin sakandare a Birnin Kudu, shi ya kawo mana wasan. Shi ke ba da labari, mu huɗu kowa da jaruminsa a rubuce a takarda, ƙwaya ke yanke ko abin da ka nufa ya yiwu. Duk Juma'a bayan la'asar muke zama a rumfar sitona a Gwaram. Da farko na ce wasan marasa aikin yi ne. Mako uku sai ga ni ina sallamar masu kaya da wuri.

Abokina kuwa, tun da ɓarin jikinsa ya shanye ya daina fita, ko ɗaurin aure. Wasan nan kaɗai ke fito da shi. Jaruminsa maƙeri ne, nawa maharbi.

Ranar, dodon kogo ya kayar da maƙerin. Ƙanena ya ce, "Yaya, kai ne a layi. Ko ka harba, ko ka ba maƙeri maganin jakarka. In ka kuskure, maƙeri ya mutu, kuma wanda ya mutu ya fita daga labari. In ka tsuguna a kansa, ka ba dodo baya."

Abokina ya ce a hankali, "Alhaji, harba. Kada ka tausaya min. Tausayin gida ya ishe ni."

Na auna abin a raina. In na harba na kuskure, ya koma ɗaki. In na ba shi magani, ya ɗauka sadaka ce, ya koma ɗaki.

Na ce, "Tausayin wa? Ni ɗan kasuwa ne. Kibiyata sai ƙwaya ta nuna biyar ko shida take kashe dodo, gudumarka daga uku ta isa. Kai ne ribar. Sha magani, Malam."

Maƙeri ya tashi, dodo kuwa ya kashe maharbina nan take. Abokina ya ɗauki ƙwaya da hagu ya jefa, ta gangara ƙarƙashin buhu. Magidanta huɗu muka durƙusa muna leƙe, ba mai numfashi. Huɗu ce, dodo ya faɗi. Dariyar da ya yi, rabona da jin ta tun kafin ciwon.

Da na zauna lissafi, asarata maharbin takarda ne, da mako uku ina dafa musu shayi kafin a buɗe sabon labari. Ribata, har yau duk Juma'a ana sauke shi daga babur yana kirana "mai ba dodo baya". Abin da ban taɓa gaya masa ba: kafin in yi lissafin biyar da uku, na riga na zaɓi maganin.