Wayar Ruwan Ƙasa

Daidai ake ce masa a wurin aiki, don tun yana saurayi ba ya sauke ƙarfe daga injin sassaƙa sai ya furta kalmar nan da bakinsa. A gaban injin ya yi furfura. Yadda yake gano bakin ƙarfe kuwa, takarda siririya yake mannawa da yawu, ya matso da wuƙar inji sannu-sannu, ya ƙura ido har ta fizge takardar. To, ido ya fara yi masa rowa. Bai gaya wa kowa ba, wai sirri ne. Sirrin da ya riga ya cika kwandon shara da ƙarafan da ya lalata!

Ɗan maigida, wanda ya gaji wurin, ya soma yi masa zancen ɗakin ajiya. "Baba, can akwai inuwa, ga fanka, ka huta." Ka ji ladabi! Wato mutum kamar Daidai ya koma miƙa wa jama'a ƙusa ta taga. Tsoro ya kama shi sosai, har abinci ya daina yi masa daɗi.

Ana haka sai ga mafita. Aka sayo wani ɗan tsinke mai kai kamar na ashana, ma'aikata suka sa masa suna yatsa. In an haɗa shi da akwatin lambobin da ke jikin inji, yana taɓa ƙarfe lambobi za su koma sifiri da kansu, alamar an samu bakin ƙarfen, ɓaro-ɓaro, ba sai an ƙura ido ba. Daidai, da kullum yake zagin akwatin nan wai kayan ragwaye ne, rana ɗaya ya zama babban masoyinsa. Ya ce shi zai haɗa, kada wanda ya taɓa masa inji.

Waya uku ce a jikin yatsan: ta wuta, ta saƙo, da wadda ma'aikata ke kira ta ƙasa. A lissafinsa, in ya gane ta ƙasa, sauran biyun wasa ne. Sai dai duka ukun launi ɗaya suke a idonsa, toka-toka. Ya tambayi abokan aiki? Haba, Allah ya sawwaƙe! Ya cusa abin a aljihu ya kai gida.

Uwargidansa tela ce, ba wanda ya kai ta sanin launin zare. Ya same ta a kan keke.

"Ke, duba min nan. Wacce ce ta ƙasa?"

Ta ɗaga kai. "Ga ta nan, ruwan ƙasa sak. Malam, ba ka gani ne?"

"Ina gani mana! Gwada ki nake yi."

"To, na ci jarrabawa," in ji ta, ta tsinko zare ta ɗaura a wayar don kada gwani ya manta.

Baiwar Allah ba ta yi ƙarya ba. Launi ta ɗauka ake tambaya, launi ta faɗa. Ina ruwanta da yaren masu inji?

Da safe Daidai ya kwance bayan akwati, ya ɗaure wayoyi tamau, sannan ya tara kowa da kowa su zo su ga aiki. Ya danna makunni. Aka ji fat! Wani ƙauri ya tashi, hayaƙi siriri ya biyo baya, lambobin nan suka mutu murus.

Nan take ya hau masu ƙera kayan zamani da faɗa, wai ba su da tsoron Allah. Ɗan maigida ya leƙa cikin akwatin.

"Baba, ai ta wuta ka kai ƙasa. Baƙar ita ce ta ƙasa."

Ya kwance wayoyin, ya ɗaga su dab da fuskar tsohon.

"Nuna min baƙar, Baba."

Daidai ya ƙura ido har ƙwalla ta taru. Ya miƙa hannu ya nuna ɗaya, ba baƙar ba. Ba wanda ya yi dariya, kuma wannan shirun ya fi yi masa ciwo.

Ɗan maigida ya sauke wayoyin a hankali. "Ba komai, Baba. Kawo makullin injin."

Ya daɗe yana lalube a aljihu, alhali ya san inda yake.