Akwatin da ke ƙirga baƙin sama

Na kife tukunyar ƙarfe a kan akwatin, amma bai daina ƙirgawa ba.

Maigidana malamin kimiyya ne a lise, wato makarantar sakandare, ta Dakoro, shi ya aro shi. Wai wasu ƙwayoyi da ido ba ya gani suna saukowa daga sararin samaniya, duk wadda ta ratsa akwatin sai ta yi ɗan walƙiya a ciki, ya ƙirga. Da farko ya burge ni kamar labarin littattafan da nake karantawa. Sai na tuna ina da tsohon ciki. Abin da ya ratsa ƙarfe, zane zai tare shi?

Kakar maigida ta leƙo.

"Ke ɗiyar nan, na san abin ga. Farkon samun 'yancin kai nasara sun kawo irinsa. Ina da cikin surukinki, masaki na riƙa kifawa a ka."

"Ya tare, Kaka?"

"Oho. Ya dai fito da yatsunsa cif."

Maigida ya ce tun fil azal ƙwayoyin suke ratsa kowa, ba sa cutarwa. Na ce to, amma na ɗauko masakin. Masu 'ya'ya, a ka ake kifawa ko a ciki?