Baƙon Maraɗi Ya Fi Ni Gata

Ina bakin shagona a Dei-Dei sai ga Malam Isufu, shugaban 'yan Nijar na layinmu, riƙe da hannun wani baƙo daga Maraɗi. Jiya ya sauka, amma har sun samo masa ɗaki, sun raba kwanakin ciyar da shi gida-gida.

Wallahi abin ya tsaya min a rai. Da na zo daga Funtuwa, wata biyu na yi ina kwana kan buhunan siminti.

Na ce, "Malam, mu 'yan ƙasa ba mu samu wannan gatan ba."

Ya ce, "Shekararka tara a nan, Alhaji. Baƙo nawa ka tarba?"

Duk da haka kishin bai sake ni ba. Ku fa, wa ya tarbe ku ranar da kuka shigo Abuja?