Zauren Daudu Ba Ƙyaure

Duk wanda ya san Karaye kafin a kafa sikelin gyaɗa ya san Daudu majemi, mutumin da ko kaza ba ya iya kora da ƙarfi. Gidansa na tsohuwar unguwa, kusa da bakin hanya, kuma zaurensa bai taɓa sanin ƙyaure ba. Wasiyyar ubansa ce: baƙo duk inda ya fito, ya shiga ya kwana, kada a tambaye shi.

Shekara da shekaru abin bai dami kowa ba. Fatake ne ke sauka da jakunansu, su yi asubanci su wuce. Bayan sallar isha'i dattawan unguwa kan fito da akusansu ƙofar Daudu a yi ciyayya, a taɓa hira, kowa ya shige gida.

Sai Turawan kamfani suka kafa sikeli a filin da ke gaban gidan Daudu. Motoci suka fara kwana suna jiran lodi, kuma direba ba ya barci da yunwa. Mai tsire ya kafa tukuba, mai shayi ya biyo, fitilu suka yi ta ƙaruwa. Kafin kaka uku ga mai goge, ga mata masu zaman kansu, dare ya koma kasuwa. Su kuma 'yan karta da suka ji labarin zauren da ba a korar kowa, ai sai kakarsu ta yanke saƙa.

Jibo, amininsa tun suna yara, ya same shi ya ce, "Malam Daudu, sa ƙyaure. Waɗannan ba baƙi ba ne, 'yan caca ne."

Daudu ya ce, "To Jibo, Baba bai ce in zaɓa ba."

Ni dai na ce taurin kai ne, amma wallahi ya ba ni tausayi. Sau biyu yana zuwa wurin masassaƙi, sau biyu yana dawowa hannu wofi.

Ciyayya ta watse, don ba dattijon da zai buɗe akushi ana ashar a kansa. Maƙwabta suka riƙa sayar da gidajensu ga masu kuɗin gyaɗa, aka yanka su ɗaki-ɗaki ana haya. Jibo ma ya kwashe iyalinsa ya koma gonarsa a Yammedi. Ran da zai tafi, shi da Daudu suka daɗe tsaye suna sallama.

Wani dare Daudu ya dawo daga masallaci, ya tarar zauren cike, har bakin ƙofa. Ya yi sallama, ba wanda ya amsa. Da ya ɗaga ƙafa zai ratsa, wani baƙon direba ya tare shi da hannu, idonsa na kan karta.

"Tsoho, nan ya cika. Nemi wani wuri."

Daudu ya ce, "Yi haƙuri," ya koma waje ya zauna a kan dakali, yana jiran su gama.