Yashin da Muka Gani a Baƙin Man Babur ɗin Baba

Mun tashi da asuba daga Umdurman, ni da ɗan gidan da na zauna shekara huɗu ina karatu a Khartum. Ƙanina nake ce masa. Mahaifinsa, Baba, jikan Bakano ne da bai taɓa ganin Kano ba. Sana'arsa sayo kifi daga Jabal Awliya a kan babur ya kawo Kasuwar Umdurman. Da yaƙi ya ɓarke, a kan babur ɗin ƙanina ya fitar da shi zuwa wajen dangi a kudancin dam ɗin Jabal Awliya, can kuma ya rasu. Sai bana na samu zuwa gaisuwa.

Na tarar an dawo da babur ɗin a bayan mota, yana tsakar gida. Yana tashi, amma da hayaƙi. Ƙanina yana son ya ci gaba da sana'ar kifin, yana kuma tsoron injin ya mutu masa a hanya da kaya. Wani ya taya. Mahaifiyarsa, Hajja, ba ta ce a sayar ba, ba ta ce a bari ba, kullum dai sai ta goge shi da tsumma. Ni kuwa aikina a Kano gwajin baƙin man janareto da manyan motoci ne. Don haka na sa aka tayar da injin ya yi ɗumi, na zuƙi mai a kwalba mai tsabta, muka kai wani ɗakin gwaji kusa da kasuwar Suk al-Shabi. Ranar da muka tashi da asubar nan, karɓo sakamako muka tafi, daga nan mu wuce ziyarar kabarin Baba.

A kan gada na leƙa Farin Nilu, yana nan yadda na bar shi. Gine-ginen ne ban gane ba. Wasu babu tagogi, wasu an shafa musu sabon fenti a kan ramukan harsashi. A tasha muka sha shayi da zalabiya, irin fankensu, wajen wata mata. Kuɗin kofi ɗaya yanzu, da can ya ishe ni abincin mako. Da ta ji Larabcina sai ta yi dariya, wai na littafi ne, in sassauta kada shayin ya huce.

A bencinta muka zauna da takardar sakamakon da muka karɓo. Ƙanina ya ga layuka uku da jan tawada, fuskarsa ta sauya.

"Yaya, gaya mini gaskiya. Injin ya mutu ko?"

Na ce ya bari mu bi a hankali. Ƙarfe ya yi yawa a cikin man, amma a babur baƙin mai ɗaya ne yake zagaya inji da giya da kuloci, saboda haka adadin da zai tsorata ni a mota ba lallai ya tsorata ni a nan ba. Ga tsatsar zama wuri ɗaya. Tagulla kaɗan ce, alamar can ƙasan injin bai ci ba sosai. Man ya tsinke, akwai fetur a ciki, wannan aikin kabureta ne. Abin da ya tsaya mini shi ne silika, wato yashi, wadda ta hau tare da alminiyam. Ƙura ta shiga ta hanyar iska, tana goge fistin da ringi.

Ƙanina ya ajiye takardar. Sannan ya ce ranar da suka fita gudun yaƙi ba su bi kwalta ba, ta cikin rairayi suka yanka. Soson da ke tace iska ya toshe, injin yana shaƙewa, Baba na jingine a bayansa da zazzaɓi. Sai ya cire soson ya jefar.

"Ni na lalata shi ke nan."

Na ce, "Kai ka kai Baba inda ya yi wata bakwai cikin danginsa. Ringi ana sayar da shi a kasuwa."

A nan na fahimci ba a yi juyen mai ba tun ranar. Man da na zuƙa, Baba ne ya zuba shi da hannunsa.

Hanyar Jabal Awliya ta ci mana kusan awa biyu saboda shingaye da ramuka. Gonaki sun fara kore, masunta sun dawo da kwale-kwalensu. Kabarin ba shi da alama sai dutse biyu. Na yi addu'a, na tsaya ina jiran hawaye, ba su zo ba. A bakin dam wani tsohon masunci ya gane ƙanina, ya soya mana kifi da barkono da lemon tsami, ya ƙi karɓar ko sisi. Ya ce har yau in ya ji ƙarar tsohon babur yakan ɗaga kai.

Kafin magariba muka dawo Umdurman. Washegari muka sa sabon soso, bakanike ya gyara kabureta, ya ce ringin zai ɗan ja. Da za mu juye man, Hajja ta kawo gwangwanin madara ta ce a zuba mata a ciki. Ba wanda ya tambaye ta dalili. Na bar wa ƙanina kwalba, na ce bayan 'yan makonni yana hawa ya sake kai gwaji. In ƙarfen ya sauka, injin zai riƙe shi. In yana hawa, a buɗe injin. Takarda ɗaya ba ta isa a yanke wa inji hukunci ba.

Yau kwanana tara a Kano. Na karanta irin takardun nan fiye da yadda zan iya tunawa, ban taɓa tambayar inda injin ya je ba, ko wa ya ɗauko. Yanzu ina tambaya kafin in duba lamba.

Ranar da zan taho, ina kwance bayan sallar asuba na ji an tayar da babur a tsakar gida. Na san ƙanina ne zai fita sayo kifi. Duk da haka ban motsa ba, na kasa kunne ko Baba zai kira ni in buɗe masa ƙofa. A nan hawayen suka zo.