Leshin Aro a Akwatin Lefe

Ko zan manta komai na bikin ƙanena, ba zan manta leshin nan ruwan zuma da muka kai Kurfi cikin lefensa ba. Har yau in na ga irinsa a jikin wata, sai na kau da kai.

Ƙanen nawa kabu-kabu yake yi a Karofi, da damina kuma ya taɓa noman wake. Da aka sa ranar aurensa da wata yarinya 'yar Kurfi, sai da ya sayar da waken da ya ajiye da tumakinsa kafin akwatuna su cika. Ni dai a idona kaya sun yi. Amma da gwaggonmu ta zo dubawa, sai ta ɗaga wannan ta ajiye, ta ɗaga wancan ta taɓe baki.

"Yanzu wanga za mu ɗauka mu shiga Kurfi da shi? Ba leshi mai nauyi ko ɗaya? Ai sai a yi da mu a gari."

Innarmu mace ce mai tsoron bakin mutane, nan take ta tambayi yadda za a yi. Gwaggo ta ce abin ai mai sauƙi ne, a aro na kirki a ɗora a sama, bayan biki a raɗa wa amarya ta maido. Kowa haka yake yi, in ji ta.

Muna da maƙwabciya, wata Hajiya, aminiyar Inna tun kafin a haife ni. Akwai 'yar ƙofa a katangar da ke tsakaninmu, ta nan gishiri da garwashi da hira suke wucewa. Hajiya tana da wani leshi da mijinta ya sayo mata da ya je aikin hajji, Allah ya yi masa rasuwa ba ta ɗinka ba. Tun daga nan ta kasa kai shi wajen tela. Lokaci-lokaci takan fito da shi, ta turara, ta mayar. Shi Inna ta je ta roƙa. Hajiya ta daɗe tana shafa shi kafin ta miƙo.

"Don ke ce, Yaya. Amana ce, ki maido mini shi yadda yake."

Ina cikin waɗanda suka kai lefen. Da aka buɗe akwatin farko, guɗa ta kaure. Mata suka yi ta miƙa wa juna leshin ana sa albarka, Gwaggo kuwa sai hura hanci take kamar ita ta saƙa shi. Mu ma, gaskiya, kanmu ya kumbura. Muka karɓi tukwici muka dawo muna dariya a mota. Abin da ba mu lissafa ba shi ne, dangin amarya sukan fitar wa iyaye da gwaggonni nasu kason daga cikin lefe, kuma a gidan nan mafi kyau ake ba wadda ta riƙe yarinya.

Ranar da aka kawo amarya, tsakar gidanmu cike da mata, Hajiya tana zaune kusa da Inna tana zuba wa baƙi abinci. Sai ga babbar gwaggon amarya, wadda ta riƙe ta, ta shigo, riga da zane da ɗaurin kai, duka na leshin nan. An yanka, an ɗinka, har da aiki a wuya. Na ga ludayi ya tsaya a hannun Hajiya. Inna ta sunkuyar da kai. Gwaggonmu mai shawara kuwa, sai nemanta aka yi aka rasa.

Hajiya ta tashi, ta je ta kama gefen hannun rigar, ta murza shi a yatsunta.

"Ya yi miki kyau ƙwarai. Allah ya sa a kashe lafiya."

Matar ta yi godiya, ba ta san komai ba. Hajiya ta bi ta 'yar ƙofar nan ta shige gida, ba ta sake fitowa ba har aka watse.

Washegari Inna ta je tana kuka, Hajiya ta ce ba komai. Ƙanena ya ce zai sayar da babur ɗinsa ya nemo wani ko a ina yake. Hajiya ta girgiza kai.

"Bar abin sana'arka, ɗana. Ko goma ka sayo, ba hannun Alhaji ne ya miƙo mini su ba."

Da a ce ta yi faɗa, da mun fi samun sauƙi. Gaisuwa ba ta yanke ba, amma bayan 'yan kwanaki ta sa aka toshe ƙofar da bulo, wai awakinmu suna shigar mata. Mun san ba awaki ba ne. Daga baya ɗanta ya ɗauke ta zuwa Dutsin-Ma. Ita kuwa amarya, ranar da ta ji labarin kuka ta yi, ta ce ita ko akwati ɗaya aka kai za ta zo.

Inna ta tsufa tana zama a gindin katangar nan. A ciwonta na ƙarshe na sha ganin tana kallon bulon da ya bambanta da sauran.

Matan da muka so mu burge sun yi guɗarsu sun tafi, yau ko kalar leshin ba za su tuna ba. Abin da na koya ke nan: lefe a kai abin da hannu ya iya, duk mai taɓe baki ta taɓe. Bana da za a kai na ɗana, wata ƙawata ta ce za ta ara mini sarƙa a ɗora a sama. Na gode mata, na ce ta bar kayanta, ita nake so ta zo.