Mai Kunun Bakin Gidan Likita

A shekarata ta ƙarshe a jami'ar Yamai, malaminmu ya ce kowa ya zaɓi wurin da zai je ya binciko yadda mutane ke raba aiki a tsakaninsu. Wasu suka zaɓi makaranta, wasu tashar mota. Ni na zaɓi gidan likitan wani ƙauye a ƙasar Kieshe, kusa da Dogon Dutsi, ba don komai ba sai don gwaggona tana aure can, na san tuwo ba zai gagare ni ba.

Na sauka da damina, gero ya fara fidda kai, masassara ta cika gari. Takardun tambayoyina sun ware ma kowane ma'aikaci shafinsa: majo, wato shugaban wurin, sai ungozoma, mai ba da magani da mai gadi. Kullum da safe in ɗauki kayan rubutuna, kaye da bik, in zauna a benci ina jiran su sami sarari.

A bakin ƙofa, gindin itacen bedi, akwai wata dattijuwa mai sayar da kunun tsamiya. Gaisuwa kawai ke haɗa mu. Ba ta cikin takarduna, don haka ban taɓa tsayawa wurinta ba.

Wata ranar kasuwa aka kawo wata Bafulatana a amalanke, rungume da ɗanta, jikinsa kamar garwashi. Majo baƙo ne, Bazabarme, Hausarsa ba ta nuna ba, Fulatanci kuwa ko gaisuwa bai iya ba. Ya ce sai an kwantar da yaron an ƙara masa ruwa. Matar ta ƙanƙame ɗanta ta nufi ƙofa. Majo ya leƙa ta taga ya ƙwala kira: "Inna!"

Mai kunu ta rufe tukunyarta da faifai, ta tare matar a ƙofa, ta zaunar da ita. Suka yi ta magana da Fulatanci a hankali, har na ga kafaɗun matar sun sauka. Bayan ɗan lokaci ta miƙa yaron da hannunta.

Da yamma na je na tsuguna gaban dattijuwar.

"Inna, me kika ce mata?"

"Cewa ta yi iska ce ta taɓa shi, kuma mijinta na daji da shanu, ba ta da izinin kwana. Ni ban musa mata iska ba. Na ce ta bari ya samu ƙarfi tukuna. In mijin ya yi faɗa, ta ce ni na hana ta tafiya. Na san uwarshi."

"To, mene ne aikinki a nan?"

Ta dube ni ta yi dariya. "Kunu nike saidawa, ɗiyata. Ba ki gani ba?"

Daga ranar na bar benci na koma tabarmarta. Ina wanke mata ludayi ina kallo. Ita ke sanin wanda ya fi jin jiki a layi, ta sa a ba shi hanya, ba mai gardama. Ita ke maimaita ma tsofaffi yadda za su sha ƙwaya: ɗaya bayan asuba, ɗaya bayan magariba. Amaryar da ke kunyar faɗin ciki, a kunnenta take fara raɗawa. Fulatancin tun tana yarinya ta koya, wajen bin uwarta ruga musayar gero da nono.

Sai da muka saba ta gaya mini mafarin zamanta. Tana da ƙuruciya ta taɓa kawo ɗanta na fari wannan ƙofa. Ta ji ana ta Faransanci a ciki, ba fuskar da ta sani, tsoro ya kama ta, ta juya gida. Yaron bai kai Juma'a ba. Ta faɗi haka tana tace gasara, ba ta ɗago kai ba. Ni ma ban rubuta komai ba a ranar.

Da na koma Yamai, malamina ya karanta ya ce matar nan ba ma'aikaciya ba ce, a wane shafi zan sa ta? Na ce a buɗe mata nata. Muka ja har mako biyu kafin ya yarda, kuma ranar kare aikin gaban malamai a kanta aka fi yi mini tambayoyi.

Bayan shekaru, da aiki ya dawo da ni Dogon Dutsi, na neme ta. Aka ce idanunta sun yi rauni, ɗanta ya ɗauke ta zuwa Kore Mairuwa. Na same ta a zaure tana ɓarar gyaɗa da lalube. Na ce mata labarinta na cikin littafi a jami'a. Ta ce madalla, sannan ta tambaye ni 'ya'yana nawa, kuma ko mijina na da haƙuri. Ta turo mini ƙwaryar gyaɗar, muka yi ta ɓara muna hira har aka kira la'asar.